Kafin ku shafa wa tsohuwar sandar gora banish, ku duba haɗinta

'Yan uwa masu gyaran tsofaffin sandunan kamun kifi na gora, kada ku cike tsagar haɗi da banish, wato man da ake shafa wa katako ya yi sheƙi. Gam take so, da ɗauri.

Irin wannan sanda galibi tsage-tsagen gora 6 ne aka manne. Gam na da na fatar dabba ne, danshi da zafi suna kashe shi, sai haɗin ya buɗe.

Bayan kun kankare tsohon banish, ku lanƙwasa sandar a hankali a gaban fitila. Inda ya saki zai buɗe baki.

Ku soka allura biyu su riƙe tsagar, ku share busasshen gam, sannan ku tura gam ɗin ifoksi mai jinkirin bushewa har ciki. Ku guji mai kamawa cikin minti 5, ba ya ratsawa sosai. Ku naɗe sandar da zaren auduga, zuwa da dawowa, don kada ta murɗe. Ku mirgina ta a kan tebur ta miƙe tun gam bai kama ba. Ta kwana, sannan ku kwance.

Baƙin layin haɗi da bai buɗe ba, don Allah ku ƙyale shi.

In gorar ta karye a gicciye ko ta ruɓe, wannan gyaran ba zai wadatar ba.