Kurakuran da aka fi yi wajen sauya robar bamban baya na tsohuwar mota

Robar nan baƙa da ke kwance a jikin bamban baya, wadda ke tare ƙananan karo, rana da ruwa ne ke cinye ta. Ta yi fari-fari, ta tsage, wani lokaci gefe ɗaya ya saki yana reto. Sauya ta aiki ne da mai mota zai iya yi da kansa cikin yini guda, amma ana yawan ƙarewa da bamban da ya fi na da muni, kuma galibi tun kafin sabuwar robar ta taɓa ƙarfen ake yin ɓarnar.

Kuskuren farko a wurin saye yake. Mutum ya faɗi sunan mota kawai a miƙo masa roba, alhali mota iri ɗaya takan zo da bamba kala-kala. Ɗauki Mercedes W123: wadda aka ƙera don Amurka bambanta ya fi tsawo da kauri, domin dokar ƙasar ta wancan lokaci, wadda ta fara aiki a shekarun 1973 da 1974, ta nemi bamba ya jure karo na gudun mil 5 a awa. Robarsa ba za ta zauna a bamban Turai ba. Haka kuma ta salun daban, ta wagon daban, kuma robar kusurwa akwai ta dama akwai ta hagu. Ka tafi da lambar shasi, ka kuma yanko guntun tsohuwar robar ka gwada bayanta da na sabuwar, don siffar bayan ita ce ke riƙe ta.

Sai wanda ya fi kowanne tsada: zura sukudireba a ɓamɓare da ƙarfi ba tare da an leƙa bayan bamban ba. Ba hanya ɗaya ake kama robar nan ba. Wata zura ta ake yi cikin kwarmin ƙarfe daga gefe, wata da kilif na roba, wata kuma tana da ƙusoshi masu zare da suka ratsa bamban aka ɗaure su da noti ta ciki, yawanci lamba 8 ko 10. Wannan ta ƙarshen, ko ka kwana kana ɓamɓara ba za ta fita ba, sai dai ka lanƙwasa bamban ko ka kankare sheƙinsa. Durƙusa da tocila ka duba tukuna. In hannu ba ya kaiwa ga notocin, sauke bamban gaba ɗaya ya fi sauƙi, amma ka cire wayar fitilar lamba in a jikinsa take. Wurin ɓamɓara kuwa a yi amfani da abin roba mai faɗi, ko a naɗe bakin sukudireba da tsumma.

Notocin nan sun yi shekaru suna shan laka da zafin salansa, tsatsa ta haɗe su da ƙusa. Mai gaggawa ya sa sifana ya murɗa da ƙarfi, ƙusa ta karye. Goge zaren da burushin waya, fesa man sassauta tsatsa, ka bar shi ya jiƙa, ko da zuwa washegari ne. Sannan ka kwance kaɗan, ka mayar kaɗan, har ya saki. In sabuwar robar ta zo da nata ƙusoshin, karyewar tsofaffin ba asara ba ce.

Da robar ta fita za ka ga abin da ta ɓoye: jar tsatsa a layi, da busasshiyar ƙasa cike da kwarmin. Mutane da dama nan suke rufe ido su ɗora sabuwa a kai. Wannan gini ne a kan yashi, domin tsatsa kumbura take yi tana tura robar waje, kuma ramukan kilif su yi ta faɗaɗa. A kankare da samfefa, a shafa maganin tsatsa, a bi da fenti, a bari ya bushe sosai. Tsofaffin kilif kuma a zubar, sun riga sun sandare, ba sa riƙo.

Yanzu ga inda ni nake ganin an fi yin kuskure da kyakkyawar niyya. Robar ta ƙi shiga kwarmi, sai a shafa mata baƙin mai ko giris don ta yi santsi. Za ta shiga kam, amma man da aka samo daga fetur yana ratsa irin wannan roba, ta kumbura, ta yi laushi, bayan ƴan watanni ta fara fita da kanta. Ruwan sabulu ya isa, shi kuwa bushewa yake yi ya bar ta a kame. Kafin nan ma, shanya ta a rana ko ka tsoma ta a ruwan ɗumi na ɗan lokaci, ta miƙe daga naɗin da ta zo da shi. Kada a kusanto da wuta, tana ƙona fatar robar ta bar tabo.

Jan robar kuma shi ne ɗan'uwan wannan kuskuren. Roba mai ɗumi tana miƙewa da sauƙi, sai a riƙa janta ana sakawa, a ƙarshe a ga ta yi rara a yanke. Kwana biyu ta koma tsawonta na asali, ga giɓi a kowane gefe, kuma abin da aka yanke ba ya dawowa. Mai kilif ko noti, yi alama a tsakiyarta da tsakiyar bamban, fara daga nan ka bi dama da hagu kana dannawa. Mai shiga kwarmi, tura ta ake yi, ba ja ba. In akwai rara, bar shi ya kwana kafin ka sa wuƙa.

Notoci kuma a ɗaura su duka sako-sako, a daidaita layin, sannan a bi su ɗaya bayan ɗaya. In aka matse da yawa, robar za ta lotsa a kan kowace ƙusa, daga nesa ana ƙirga su.

Sufa gulu ba na nan ba ne. Yana bushewa ya yi ƙarfi kamar gilashi, girgizar hanya ta fasa shi. Inda robar ta manni ce, a nemi tef mai gam fuska biyu na jikin mota, irin na 3M, a goge wurin da sifirit, a danna sosai. Gam ɗin yakan ɗauki kusan awa 72 kafin ya gama kamawa, don haka a ɗaga wankin mota har kwana uku.