Kurakuran da ke buɗe wa masu kutse ƙofar tauraron ɗan'adam

Babban kuskure, wanda sauran suka samo asali daga gare shi, shi ne a ɗauka nisa tsaro ne. Abin da ke shawagi kusan kilomita 36,000 a sama, wa zai kai masa hannu? Ai mai kutse ba sai ya hau ba. Tauraron ɗan'adam umarni yake bi, umarnin kuma daga ƙasa ake tura shi, daga ofis mai kwamfutoci da ma'aikata da kalmomin sirri irin na kowane ofis.

Ranar 24 ga Fabrairun 2022, da asubahin da Rasha ta afka wa Yukiren, intanet ɗin kamfanin Viasat ya ɗauke wa dubun-dubatar mutane a Turai. Tauraron da ke kai wannan intanet ɗin, KA-SAT, shi kansa ko ƙwarzane bai yi ba. Maharan sun bi ta wata na'urar VPN, wato ƙofar da ake shiga kwamfutocin kamfani daga nesa, da aka yi sakaci wajen saita ta, suka isa sashen da ake sarrafa modem ɗin kwastomomi, wato na'urar da ke haɗa su da intanet, suka tura muguwar manhajar da masana suka laƙaba wa AcidRain. Ta share ƙwaƙwalwar na'urorin tas, suka zama kwango. Tartsatsin ya kai Jamus, inda kamfanin Enercon ya kasa lura da injinan lantarkin iska 5,800 daga nesa. Sai da Viasat ya aika sababbin modem kusan 30,000. A watan Mayu Amurka da Birtaniya da Tarayyar Turai suka ɗora alhakin a kan Rasha. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, tsagar kuwa a nan ƙasa take.

Gyaran ba na injiniyan roka ba ne. A raba hanyar da ake ba da umarni da hanyar da sauran ma'aikata ke duba imel. Duk mai shiga daga nesa, kalmar sirri kaɗai kada ta ishe shi, a ƙara masa lambar tabbatarwa. Ɗan kwangilar da ya gama aiki a rufe asusunsa ranar, ba sai an tuna ba.

Sai kuskuren da ya fi ba ni mamaki, don ya daɗe kuma ya ƙi mutuwa: aika bayanai tsirara, ba a kulle su ta yadda sai mai mabuɗi zai iya karantawa ba. Tauraro ba ya raɗa wa mutum ɗaya a kunne, abin da ya sauko da shi yana watsuwa ne a kan ƙasashe da dama, duk mai dish na iya kamawa. A 2009 aka gano mayaƙa a Iraƙi na kallon bidiyon jiragen Amurka marasa matuƙa da wata manhaja, SkyGrabber, ta kimanin dala 26. A 2020 James Pavur na Jami'ar Oxford ya nuna cewa da kayan kallon talabijin na kimanin dala 300 ana iya karanta saƙonnin jiragen ruwa da na kamfanoni. Banki ko ƙungiyar agaji da ke haɗa rassanta na karkara da VSAT, wato intanet ta ƙaramin dish, kada ta ce ai kamfanin intanet ya kulle komai. A tambaye shi a rubuce, sannan a kulle bayanan tun daga ofis har inda za su, ko da gudun zai ɗan ragu.

Mu nan ba 'yan kallo ba ne. A 2015 kamfanin tsaron kwamfuta na Kaspersky ya bayyana yadda gungun masu kutse na Turla ke fakewa da adireshin intanet na masu amfani da intanet ɗin tauraro marar kulli don ɓoye inda yake karɓar bayanan da ya sata, kuma Najeriya da Nijar na cikin ƙasashen da aka ambata. Mai adireshin na zaune lafiya, bai san an ari sunansa ba.

Na'urar da ke kan rufi ita ma ana raina ta. Mai haɗawa ya hau, ya ɗaure, sigina ta kawo, aka sallame shi, kalmar sirrin masana'anta na nan yadda ta zo. A canza ta tun kafin ya sauke tsani, a rufe shafin sarrafa modem daga waje, a riƙa sabunta manhajarsa. Wurin ajiyarsa ma a sa kwaɗo: a 2022 wani mai binciken tsaro, Lennert Wouters, ya fasa tsaron dish ɗin Starlink da guntun kaya na kimanin dala 25, amma sai da ya riƙe shi a hannu tukuna.

Su ma masu ƙera taurarin suna da nasu. Sun daɗe suna dogaro da cewa ba wanda ya san sirrin ƙirarsu. Masu bincike a Jami'ar Ruhr da ke Bochum a Jamus sun duba manhajar taurari uku a 2023, suka tarar da giɓi a kariyar hanyar umarninsu. Tauraron da aka tsara zai shekara 15 a sama ba makanikin da zai bi shi, don haka tun wajen rubuta kwangila ake shardanta cewa zai tantance mai ba shi umarni, kuma za a iya sabunta manhajarsa daga ƙasa.