Yadda Ake Yin Fanken Ayaba Ga Jaririn Da Ya Fara Cin Abinci

Iyaye mata da dama a unguwannin Nima da Mamobi na birnin Accra sun sha tambayata yadda nake yi wa jikana wannan fanke ba tare da ƙwai ko madarar shanu ba. Ga matakan nan, amma a bari sai jariri ya cika wata 6.

1. Ki zaɓi ayaba ɗaya wadda ta nuna sosai har ɓawonta ya fara ɗigon baƙi, domin ita ce za ta ba da zaƙi, ta kuma riƙe ƙullun a madadin ƙwai.
2. Ki murƙushe ta da cokali har gudaji ya ɓace.
3. Ki zuba fulawa cokali 4.
4. Ki ƙara ruwa cokali 3, ki gauraya har ƙullun ya yi kauri kamar na masa.

Gargaɗi: kada ki sa gishiri ko sukari. Zuma kuwa ba a ba wa yaron da bai kai shekara 1 ba, saboda tana iya ɗauke da ƙwayar cutar da hanjinsa bai isa ya yaƙa ba.

5. Ki shafa ɗan man kwakwa a kasko.
6. Ki rage wuta sosai. A nan ake yawan kuskure, domin ayaba tana saurin ƙonewa, sai wajen fanken ya yi baƙi alhali cikin bai dahu ba.
7. Ki zuba ƙullun cokali ɗaya-ɗaya.
8. Ki juya bayan kamar minti 2.
9. Ki bari ya huce.
10. Ki yanka shi tsawon yatsanki yadda jaririn zai iya damƙa.
11. Ki zaunar da jaririn a miƙe, kuma don Allah kada ki tashi daga wurin har ya gama ci.