Yadda Ake Ƙara wa Motar Rimot Gudu Ba Tare da An Ƙona Inji Ba

Sabon shiga tseren motar rimot mai batir, da zarar an wuce shi sau biyu sai ya ɗora wa inji laifi, ya kama neman sabo. Alhali sau da yawa gudun yana nan a jikin motar, zurarewa yake yi a boris da fulogi da giya, ya koma zafi. Saboda haka sai a fara toshe inda ƙarfin ke zurarewa, sannan a ƙara wuta, kuma a riƙa auna zafin inji bayan kowane sauyi. Kafin komai ka tanadi ƙaramin ma'aunin zafi irin wanda ake haskawa daga nesa, da agogon auna lokaci.

Mataki na ɗaya: tura motar da hannu

Kwance ƙaramar giyar da ke bakin inji, ka tura motar a kan siminti. Idan ta tsaya nan da nan, akwai abin da ke riƙe ta. Cire boris ɗaya bayan ɗaya ka juya da yatsa. Wanda ka ji yana gurzawa kamar da yashi a ciki, wanke shi ka ɗiga masa mai mara kauri, ko ka sauya. A lokacin hunturu ƙura ba ta barin boris ya daɗe, sai ana yawan dubawa. Wajen mayar da giya, saka siririyar takarda tsakanin haƙoran ƙarama da babba, ka matse su, ka ɗaure, sannan ka zare takardar. Ɗan sararin da ta bari shi ake nema.

Mataki na biyu: waya da fulogi

Wannan ne mutane suka fi rainawa. A ce fulogi da mahaɗan waya suna da turjiyar 0.005 ohm kacal, inji kuma yana jan amfiya 60: wat 18 ke nan ya tafi a ɗumama roba. Farin fulogin Tamiya da ke zuwa da motoci masu araha ba a yi shi don wuta mai yawa ba. Sauya shi da XT60 ko Deans. Sa waya mai kauri, lamba 12, ka gajarta ta iya yadda za ta kai, ka liƙe da dalma sosai. Liƙin da ya yi duhu-duhu yana da ƙuraje bai kama ba, sake shi.

Mataki na uku: batir

Tsohon batirin NiMH mai sel 6 yana ba da 7.2V, ga nauyi. LiPo mai sel 2, wanda ake kira 2S, yana ba da 7.4V, idan ya cika ya kai 8.4V, kuma ba ya saurin yin laushi idan an taka. Wannan sauyi kaɗai yakan mayar da mota wata daban.

Lambar C da ake bugawa da manyan baƙi a jikin batir, wadda ke nuna yawan wutar da zai iya fitarwa a lokaci guda, ni dai ba na ba ta muhimmanci sosai, domin kowane kamfani da irin awonsa. Abin dubawa shi ne turjiyar cikin sel, wadda caja mai kyau ke nunawa. Idan ta yi ƙasa, batir zai riƙe ƙarfinsa lokacin fita daga kwana; idan ta fara hawa, ko sel ɗaya ya bambanta da ɗan'uwansa, batirin ya tsufa.

Kada caji ya wuce 4.2V a kowane sel, kada kuma a zuƙe shi ƙasa da 3.2V, saita na'urar sarrafa gudu, wato ESC, ta yanke wuta a nan. Idan za a ajiye, a bar shi a 3.8V. Batirin da ya kumbura ya gama aiki. LiPo yana kamawa da wuta, don haka ba a sa shi caji a fita, ba a kuma barinsa cikin motar hawa a rana.

Ƙarin sel fa? Lambar KV ta inji tana nufin juyi nawa yake yi a minti kan kowane 1V. Inji mai 3500KV zai yi kusan juyi 25,900 a kan 2S, a kan 3S mai 11.1V kuwa 38,850. Da 6S ne motar rimot ta Traxxas XO-1 ke kai mil 100 a awa. Amma wannan na masu gudun miƙaƙƙen layi ne. A gasar zagaye galibi 2S aka yarda da shi, har auna batir ake yi kafin a hau fili. Ko a wasa ne, duba ko injinka da ESC za su ɗauki 3S.

Mataki na huɗu: giya

A nan aikin yake. Raba haƙoran babbar giya da na ƙarama. Babba mai 84 da ƙarama mai 21 sun ba da 4.0. Ka sa ƙarama mai 23, lissafi ya sauko 3.65, tayoyi sun ƙara juyi da kusan kashi 10 cikin 100. Sai dai tashin mota zai ragu, inji kuma zai ja wuta ya yi zafi.

Ƙara haƙori ɗaya kawai. Yi gudun minti 5, tsawon tseren da aka saba, ka tsaya ka haska jikin inji nan take. Idan yana ƙasa da digiri 65, akwai sauran wuri. Ya doshi 75 zuwa 80, koma baya. Maganaɗisun da ke cikin inji idan ya sha zafi fiye da kima ƙarfinsa raguwa yake yi, kuma ba ya dawowa. Giyar da ɗan tsere a Ingila ya ce ta yi masa daidai, kada ka kwafa ido rufe. Shi yana gudu a yanayi mai digiri 15, kai kuwa a Kano ko Zinder a watan Afrilu kana farawa ne daga 40. Ƙaramar fanka a kan inji tana taimakawa ƙwarai.

Agogo ne alƙali, ba ido ba. A fili mai yawan kwana, mota mai saurin tashi takan doke wadda ta fi ta gudu a miƙe. Wannan gwaji kuma tun a gida ake yinsa, ba a fafe gora ranar tafiya.

Mataki na biyar: inji da taimin

Sai yanzu za a zo kan inji. Mara burushi ya fi mai burushi gudu da ƙarko, kuma don tsere a nemi mai sensa, wato na'urar da ke sanar da ESC inda juyin inji yake, saboda yana tashi sumul ba fizga. Lambar T tana nuna naɗin kwayil: idan ta yi ƙasa, gudu ya yi sama, shi ya sa 13.5T ya fi 17.5T, shi kuma ya fi 21.5T. Ƙungiyoyi irin ROAR ta Amurka da BRCA ta Birtaniya suna da jerin injunan da suka amince da su, sai ka duba ajin gasar da za ka shiga kafin ka kashe kuɗi.

A ajin da aka hana ESC ƙara taimin, wato gaggauta lokacin da wuta ke shiga kwayil, fitilarta kan riƙa ƙiftawa don jami'ai su gani. Abin da ya rage maka shi ne taimin na bayan inji. Sassauta kusoshin murfin, juya shi kusurwar digiri 2, ɗaure, ka sake gudun minti 5. Taimin yana ƙara juyi amma yana cin ƙarfin tashi, yana kuma kawo zafi, don haka idan ka ƙara shi da yawa sai ka rage haƙori ɗaya a ƙaramar giya. Inda ka ga zafi ya hau amma lokacin zagaye bai ragu ba, koma saitin da ya gabata ka rubuta shi tare da zafin ranar.