Darasi na 9: Malam-buɗe-littafi na tumfafiya da mai kwaikwayonsa

Duk wanda ya saba bin hanyar gona ya san malam-buɗe-littafin nan mai launin ruwan goro, wanda bakin fukafukansa baƙi ne da ɗigo-ɗigon fari. Yana tashi a hankali, ba ya gaggawa. Masana na kiransa Danaus chrysippus. A ganyen tumfafiya yake yin ƙwai, tsutsarsa mai zanen baƙi da fari da rawaya ta ci ganyen, dafin ya zauna a jikinta har ta yi fukafukai. Tsuntsun da ya ci shi sau ɗaya zai sha ɗaci, wani har ya yi amai, ba zai sake ba.

To, akwai wani iri mai suna Hypolimnas misippus. Macensa ba ta da wannan dafi, sai ta ɗauko kamannin na tumfafiya, tsuntsaye suka riƙa ƙyale ta. Namijin kuwa ba ya ɓuya: baƙi ne wuluk da manyan farare kamar ƙwai, kewaye da shuɗi mai sheƙi.

Yaya za ka raba su? Jira ya sauka a kan fure ya buɗe fukafukai, sannan ka dubi fiffiken baya. Na tumfafiya yana da ɗigo baƙi 3 a tsakiya, namiji yana da na 4 wanda ya fi girma. Mai kwaikwayo ɗigo 1 gare ta, can sama kusa da fiffiken gaba. Sai ka dubi gefe. Baƙin layin da ya kewaye fiffiken na tumfafiya siriri ne. Nata mai faɗi ne, da layi biyu na ƙananan farare, bakin kuma ya yi lanƙwashe-lanƙwashe.

A ƙasarmu, fiffiken bayan na tumfafiya yawanci fari ne. Amma kada ka dogara da wannan kaɗai, domin wasu masu kwaikwayon ma suna da farin. Ƙidayar ɗigo ta fi tabbas.

Aikin gida: da hantsi, ka je inda tumfafiya take. Ka zana fiffiken baya na wanda ka gani, ka rubuta yawan ɗigonsa da rana da wuri. Kada ka tsinke ganyen, domin ruwansa fari yana cutar da ido sosai. In ya taɓa hannunka, wanke da sabulu kafin ka taɓa fuska.