Yadda Ake Shirya Biro Don Kurma, Makaho Da Gurgu Su Biya Buƙatarsu Da Kansu

Wannan bayani na mai riƙe da ƙaramar ma'aikata ne a nan Damagaram: shugaban biron takardun haihuwa, majo na asibitin unguwa, daraktan lakwal, ko mai kula da tagar biyan kuɗin ruwa. Doka ta riga ta ɗora maka nauyin. Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 2006 kan haƙƙin naƙasassu tun 2008. Sashe na 9 ya yi magana kan shiga gine-gine, na 21 kuma kan samun bayani ta hanyar da mutum zai gane. A Disamban 2019 aka ƙara da doka mai lamba 2019-62. Galibin gyaran da za a faɗa ba ya jiran kasafin kuɗi daga Yamai.

Kafin ka sayi buhun siminti ko ɗaya, kira masu abin. Aika wa sarkin makafi da sarkin guragu, ka nemi reshen ƙungiyar naƙasassu ta ƙasa, FNPH, da wani malami daga makarantar kurame. Ka roƙe su su shigo tun daga bakin titi har gaban teburinka, kai kuma ka biyo baya ka zuba ido. A nan za ka ga abin da ƙafarka ta saba tsallakewa: yashin ƙofar da ke riƙe tayar keke, kwata marar murfi, baburan da suka toshe hanya, tagar da ta fi kan mai zaune tsawo. Rubuta komai.

Sai gangare. An sha gina shi a tsaye ƙyam don a ce an gina, mai keke ya zo ya dube shi ya koma neman mai tura shi. Ma'aunin da aka sani shi ne kowane santimita 1 na tudu ya samu santimita 12 na tsawo, kuma in fili ya ba da dama a ƙara kwantar da shi. Matakala mai santimita 15 tana son gangaren santimita 180. Dakali mai 45 kuwa sai mita 5 da santimita 40. Gaya wa magini ya bar fuskar simintin da kaushi, kada ya shafe ta sumul, kada kuma ya sa tayil. A yi ɗan baki a gefe biyu don taya kada ta zame, a kafa ƙarfen riƙewa, a bar fili shimfiɗaɗɗe a sama inda mutum zai tsaya ya buɗe ƙofa. Faɗin ƙofa kada ya gaza santimita 90. Ka tuna cewa keken da guragunmu suka fi hawa mai taya uku ne da ake murzawa da hannu, ya fi na asibiti tsawo, don haka da shi za a gwada. In biron yana saman bene, sauko da tebur ɗaya ƙasa.

Ban-ɗaki ne wurin da aka fi mantawa, kuma shi ya fi ci mini rai. Wanda ke rarrafe da hannu, da tafinsa yake taka daɓen da kai kake takawa da takalmi. A ware ɗaki ɗaya mai faɗi, a ɗaga mazauninsa, a sa ƙarfe a bango, a ajiye buta inda hannun mai zaune zai kai, a kuma riƙa share shi ya bushe. Makullinsa ya zauna a hannun mai gadi, ba a aljihun wanda ya tafi kasuwar Dole ba.

Kurma zai iya wuni a benci ana ta kiran sunansa bai sani ba. Raba lambobi a ƙofa, mai kira ya ɗaga lambar a allo. Idan ya iso, ka fuskance shi, haske ya sauka a fuskarka, kada ka yi magana kana duban rajista. Ihu ba ya ƙara komai sai kunyata shi a gaban jama'a. Tambaye shi ko yana karatu, domin ba kowa ne ya shiga lakwal ba. Wanda bai shiga ba, nuna masa samfurin takardar da ake so, ka zana masa farashi da lambobi. A asibiti, zanen rana da wata a jikin ledar magani yana bayyana safe da dare. Ajiye lambar mai fassara da maganar hannu, a yi yarjejeniya da shi kan ranar zuwa da ladansa. Mace mai ciki ko mai ciwon da ake ɓoyewa tana da damar zaɓen wanda zai fassara mata, kada a tilasta mata ƙanenta ya ji sirrinta. Sannan a buɗe lambar da ake amsa rubutaccen saƙo da WhatsApp.

Shi kuwa makaho, da shi za ka yi magana, ka bar yaron da ke masa jagora ya huta. Fara da faɗin ko kai wane ne: "Baba, sannu da zuwa, ni ne mai rubuta takardar haihuwa. Ga kujera a hannunka na dama." Kada ka kama sandarsa ka ja. Miƙa masa gwiwar hannunka ya riƙe, ka faɗi matakala kafin ku kai gare ta. Duk takardar da zai dangwala wa yatsa, karanta masa ita daga farko har ƙarshe, a Hausa. Canjinsa kuma ka ƙirga masa a tafin hannu kana faɗi: ga jika biyu, ga dala hamsin. In za ka tashi, ce masa "Baba, ina zuwa", kada ka bar shi yana magana da kujera.

Sanarwar da aka manna a bango kawai ba ta isa gare shi. A kai ta gidan rediyo, a tura ta da murya a waya. In rubutu ne, a tura rubutun kansa, domin TalkBack, tsarin wayoyin Android mai karanta wa makaho abin da ke allo da murya, yana karanta rubutu amma hoton takarda kan gagare shi. A buga wasu kwafi da manyan baƙaƙe saboda tsofaffi da zabiya, waɗanda su ma suke buƙatar benci a inuwa.

Daga nan ka damƙa aikin a hannun ma'aikaci ɗaya, a rubuta sunansa a ƙofa, mai gadi ma a koya masa, tunda shi ne farkon wanda ake tararwa. Idan gurbin aiki ya samu, tuna cewa wata dokar Nijar ta 1993 ta ware wa naƙasassu kashi 5 cikin 100 na guraben aiki, kuma samun kurma ko gurgu cikin ma'aikatanka yana saurin fito da abin da ya rage. Bayan damina, lokacin da ruwa ya gama cin gindin gangaren ya tara yashi, sake kiran waɗanda suka yi zagayen farko su bi hanyar, ka ɗauko takardar da ka rubuta ku duba tare.