Yadda za ka tantance: ka gyara tsohon gida, ko ka rushe ka raba filin?

Mai tsohon gida a kan babban fili ba ya rasa masu ba shi shawara. Wani ya ce ginin zamanin da ya fi na yanzu ƙarko, a gyara kawai. Wani ya ce ƙasar da gidan ke kai ta fi gidan daraja, a rushe a yanka fuloti biyu ko uku. Kowannensu yana iya yin gaskiya, bincike ne kaɗai ke raba gardamar. Sai dai binciken ma da tsarinsa: ka fara da tambayar da amsarta ba ta cin kuɗi sosai amma tana iya kashe maganar gaba ɗaya.

Mataki na ɗaya: shin filin zai rabu a doka?

Kafin ka kira magini ko mai katafila, ɗauko takardar mallaka da taswirar filin ka nufi ofishin hukumar tsara gine-gine ta yankinka. Abin da kake nema shi ne mafi ƙanƙantar fuloti da aka yarda da shi a unguwar, faɗin da dole kowane fuloti ya samu a bakin titi, da tazarar da za a bari tsakanin gini da iyaka. Ka kuma tambaya ko gidan yana cikin gine-ginen tarihi da aka hana rushewa.

A nan lissafin baki ke yaudarar mutane. A ce filinka mita 20 ne a bakin titi, tsawonsa mita 45, wato murabba'in mita 900, ƙa'idar unguwar kuma 450 ga kowane fuloti. Sai ka ce biyu cif. To amma idan gaba da baya za a raba, fulotin baya yana buƙatar hanyar shiga. Hanya mai faɗin mita 4 da tsawon mita 22 ta cinye murabba'in mita 88, kuma a wurare da yawa ba a lissafa hanyar cikin girman fuloti. Saura 812, bai kai na fuloti biyu ba.

Duba takardun da kyau ko akwai babban bututun ruwa, magudana ko layin lantarki da ya ratsa filin, domin ba a gini a kansu. Idan akwai bashin banki a kan gidan, ba ka da ikon rushe shi sai bankin ya amince. Idan kuma mallakar ta mutane da yawa ce, kamar gidan gado, a sami sa hannun kowa a rubuce tun yanzu, ba sai an kashe kuɗi ba.

Mataki na biyu: duba ƙashin gidan

Fenti da ya ɓare, tagar da ta karye, ƙofar da gara ta ci, duk suna tayar da hankali ga ido amma gyaransu mai sauƙi ne. Abin da ke yanke hukunci shi ne harsashi, bango masu ɗauke da nauyi, da rufi.

Zagaya gidan da fitila da abin awo. Siririyar tsaga kamar silin gashi a jikin filasta yawanci ba komai ba ce. Wadda za ta sa ka tsaya ita ce tsagar da ta bi layin bulo tana hawa kamar matakala, ko ta taso daga kusurwar taga a karkace, ko samanta ya fi ƙasanta faɗi. Idan ta wuce milimita 5, a kira injiniya. Ka ja layi da fensir a ƙarshen kowace tsaga, ka rubuta kwanan wata da faɗinta, ka riƙa dubawa har damina ta wuce rani ya shigo. Tsagar da ta tsaya wuri ɗaya tsohon ciwo ne da ya warke. Wadda ke ƙaruwa tana nufin ƙasa na motsi a ƙarƙashin ginin, kuma ƙarfafa harsashi na cikin ayyuka mafiya tsada a harkar gini.

Ka ɗaga kai ka dubi dakin, wato rufin kankare, da ginshiƙai. Inda kankare ya fashe, rodi ya bayyana da tsatsa, ruwa ya daɗe yana shiga: tsatsa tana kumbura ƙarfe, shi kuma ya ture kankaren. Danshin da ya taso daga ƙasan bango yana barin farin gishiri, ƙofofin da suka daina rufuwa daidai, daɓen da ya karkata, duk ka rubuta su. Hau cikin silin ka soka katakon rufi da sukudireba, in ya nutse, gara ko ruɓa sun gama da shi.

Wayarin da bututun ruwa na gidan da ya shekara 40 ko 50, ka ɗauka kawai sabunta su za a yi.

Akwai kuma abin da ya shafi lafiya. An daɗe ana amfani da asbesto, wani ma'adini mai zare-zare, wajen yin kwanon rufi da silin, ƙurarsa kuma tana haddasa sankarar huhu da ba ta bayyana sai bayan shekaru da dama. Birtaniya ta haramta shi gaba ɗaya a 1999, Tarayyar Turai a 2005. Tsohon fenti ma yana iya ƙunsar gubar dalma, wadda ta fi cutar da yara. Ko gyara za ka yi ko rushewa, ƙwararru ne ke cire waɗannan, kuma kuɗinsu ya shiga lissafi.

Rahoton binciken gidan, injiniyan gini mai zaman kansa ya kamata ya rubuta shi. Ɗan kwangilar da ke neman aikin gyara zai ce gidan lafiyarsa lau, mai neman aikin sabon gini zai ce gobe zai faɗi. Ba lallai ƙarya suke yi ba, kowa inda abincinsa yake nan idonsa ke kai.

Mataki na uku: lissafi a takarda, shafi biyu

A shafin gyara, rubuta farashin 'yan kwangila aƙalla uku, ka ɗora kashi 15 zuwa 20 cikin 100 na abin da ba a gani ba, domin tsohon gida sai an fasa bango yake faɗin gaskiyarsa. Ƙara kuɗin hayar inda za ku zauna lokacin aiki. Sannan ka nemi mai ƙiyasta kadara ya faɗa maka abin da gidan zai yi a kasuwa bayan gyara, bisa cinikin da aka kammala a unguwar, ba farashin da masu sayarwa ke kira ba.

A shafin rabawa akwai kuɗin rushewa da kwashe ɓaraguzai, safiyo, kuɗin hukuma, sababbin takardun mallaka, jawo ruwa da wuta ga kowane fuloti, magudana, hanya, la'adar dillali, haraji, da kuɗin ruwa idan da rance za a yi.

A ce gidan yau darajarsa 100. Gyara zai ci 30, bayansa ya yi 125: ka yi asarar 5, sai dai in zama za ka yi a ciki, to ka sayi jin daɗi. Rabawa ta ba da fuloti biyu a 65 kowanne, 130 ke nan, hidima ta cinye 20, saura 110. Ribar 10 ce, kuma izini kaɗai yana iya ɗaukar watanni ko fiye da shekara. A ganina ribar da jinkiri kaɗan zai iya haɗiyewa ba ta kai a rushe gida mai lafiyayyen harsashi saboda ita ba. Sake lissafin da fulotan sun yi ƙasa da kashi 10, in har kwalliya ta biya kuɗin sabulu, to rabawa ta tsaya da ƙafarta.

Mataki na huɗu: kada ka manta da hanya ta uku

Idan gidan yana gefe ɗaya na filin, sau da yawa ana iya barinsa a yanke sauran, a sayar, a gyara gidan da kuɗin. Wani lokaci ɗaki ɗaya ko gareji kawai za a sadaukar don a fitar da hanya. Ana kuma iya samo izinin rabawa a sayar da wurin yadda yake tare da izinin, mai saye ya ɗauki wahalar rushewa. Safiyo ya zana maka waɗannan zaɓuɓɓukan kafin ka yanke shawara.

Mataki na biyar: idan rushewa ta tabbata

Kada a taɓa bulo ɗaya sai izinin rabawa da na rushewa sun zo hannunka a rubuce, alƙawarin baki na wani jami'i ba takarda ba ne. A sa hukumomin da abin ya shafa su yanke wuta, ruwa da gas. A cire ƙofofi, katako, kwano da ƙarafa masu amfani don sayarwa. Idan akwai katanga ko bangon da kuka haɗa da maƙwabci, ku ɗauki hotonsa tare kafin a fara aiki, ku rubuta wanda zai biya idan ya tsage.